Sa wa rubutacciyar waƙa kiɗa nan take: nazari ne ko ɓata waƙar mutane?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar Hausa ce a wata sakandare. Ɗalibaina sun gaji da yadda muke nazarin rubutattun waƙoƙi: a fitar da jigo da salo da amsa-amo, a rubuta a allo, a haddace saboda jarrabawa. Ina so in fitar da su daga aji su rera waƙa da bakinsu, in gayyato mai kalangu da mai sarewa su riƙa bin su da abin da ya zo musu a lokacin, ba tare da an tsara kiɗan tun farko ba. Wani abokin aikina ya ce wannan wasa ne, ba nazari ba, kuma makaɗi zai ɓata waƙar mutane. Me Malam ya gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki yi. Na fara da wannan ne don kada tsawon bayanina ya sa ki zaci ina jan ƙafa. Abin da kike shirin yi nazari ne cikakke, kuma a ganina ya fi kusa da yadda masu waƙoƙin nan suka so a ji su, fiye da abin da muka daɗe muna yi da alli. Sai dai abokin aikin naki ma ba a banza ya ji tsoro ba. Akwai inda yake da gaskiya, kuma zan zo wurin.

Kalma ɗaya Bahaushe yake da ita, waƙa, ga wadda malami ya rubuta da tawada a zaure da wadda makaɗi ya yi a dandali. Daga baya ne masu nazari suka raba su gida biyu, rubutacciya da ta baka, don sauƙin aiki. Amma rubutacciyar ma ba a taɓa yin ta domin ido ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, waƙoƙinta a bakin jajoji suka isa ƙauyuka: dattijuwa ta zo ta ɗauki karatu, ta koma ta rera wa 'yan taru, wato matan da ke taruwa ɗaukar karatu, su kuma su haddace suna aikin gida. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne tun yana ƙarami. Da kunne ya auna kowane ɗango da ya yi, bai taɓa ganin baitinsa a shafi ba. Su Aƙilu Aliyu kuwa, jama'a da dama a rediyo suka fara jin muryarsu kafin littafin ya zo hannunsu. Takarda ma'ajiya ce kawai, kamar yadda ake zuba iri a tukunya a rufe har damina ta faɗi.

Kuma ma'ajiyar nan ba ta ɗauke komai ba. Rubutun boko da muke koyarwa ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Ajami ya ɗan fi shi, don yana nuna inda ake jan wasali, amma shi ma ya bar hawa da saukar murya ga mai karatu. Na ga amfanin wannan magana da idona. Wani ɗalibina ya taɓa rubuta waƙa a kan matasan da suka bar ƙauye suka tafi birni, a ciki akwai ɗangon da ya ce, “Sun tafi sun bar mu da fari.” Wata ɗaliba ce ke rerawa, wani dattijo mai kalangu yana bin ta. Da aka zo wurin sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ita, ya tambaya wane farin ake nufi. In an ja “fa” ɗin, to da farko ne suka bar mu, wato akwai labari a gaba, wataƙila sun dawo. In an taƙaita shi, sun bar mu ne da rashin ruwa, gona ta bushe, ba mai taimako. Ya ce shi ba zai iya bugawa ba sai ya san ko zai riƙe sautin ko zai sake shi. Aji ya rabu biyu, aka kwashe kusan rabin sa'a ana gardama, kowa yana komawa baitocin baya yana neman hujja. Na shekara da shekaru ina koyar da warwarar jigo, ban taɓa ganin yara sun bi waƙa ɗango bayan ɗango da irin wannan himma ba. To in wannan ba nazari ba ne, mene ne nazari?

Abin lura a nan shi ne, duk wanda ya buɗe baki ya rera waƙa ya riga ya fassara ta, ko ya sani ko bai sani ba. Ya zaɓi inda zai tsaya ya ja numfashi, ya zaɓi kalmar da zai danna, ya zaɓi ko zai yi ta da muryar mai gargaɗi ko ta mai kuka. Ɗauki jimla mai sauƙi kamar “Ya tafi bai dawo ba.” Uwa za ta faɗe ta daban, matar da aka bari da yara za ta faɗe ta daban, wanda ke bin bashi ma daban, alhali harafi ɗaya bai canja ba. Kiɗa da wurin da ake rerawa ƙari ne a kan wannan zaɓi da murya ta riga ta fara.

Yanzu ga inda abokin aikinki yake da gaskiya. Mutane da yawa suna ɗauka cewa yin abu nan take shi ne kowa ya yi abin da ya ga dama. In haka za a yi, lallai za a ɓata waƙar mutane. Rubutacciyar waƙa tana da ƙashi, kuma ƙashin nan ba a taɓa shi. Na farko kalmomin kansu: ba a ƙara, ba a ragewa, ba a musanya wata da wata don ta fi daɗin faɗa. Na biyu ma'auni. Waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya, gaɓa mai nauyi irin “kai” ko “tak”, da marar nauyi irin “da”, kuma jerin su ne ke ba da karin da kunne ke ji. Malaman da suka yi karatun zaure sun ɗauko awonsu daga arulin Larabci, wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara tun ƙarni na 8, shi ya sa za ki ji ana cewa wannan Kamil ce, waccan Mutaƙarab, waccan Rajaz. Makaɗin da ya sa mai rerawa ya taƙaita gaɓa mai nauyi don ya cim ma kiɗa, ya karya waƙar, wani lokaci ma ya sauya mata ma'ana kamar yadda muka gani a “fari”. Waƙa ce gaba, kiɗa yana biye.

Abin da ya rage bayan wannan kuwa fili ne mai faɗi: sauri ko jinkiri, tsawon shiru tsakanin baiti da baiti, maimaita ɗango, ɗaga murya ko sassauta ta, wanda zai ja da waɗanda za su amsa, lokacin da ganga za ta shigo da lokacin da za ta yi tsit. A nan ake yin nan take.

Imfiraji ita ce misalin da na fi so, don ta nuna cewa katangar da muke ginawa tsakanin malami da makaɗi ba ta kai tsawon da muke zato ba. Masu nazari sun yi ta muhawara a kan karinta: wasu sun kai ta bahar Ramal na Larabci, wasu sun ce daga kiɗan caji na gargajiya aka ɗauko shi aka ɗora masa wa'azi da begen Annabi. Ko wanne ne, waƙar ta fita daga littafi ta shiga gari. Lokacin da nake karatu a Zariya akwai wani makaho da ke biyowa ta unguwarmu da hantsi, hannunsa a kafaɗar ɗan jagoransa. Shi ke jan baiti, yaron ya karɓe ƙarshensa da siririyar murya. Ba shi da ganga. Sandarsa da takun ƙafarsa su ne ma'auninsa. In ya zo ƙofar gidan da aka yi rasuwa kwanan nan, sai ya rage tafiya, ya zaɓo baitocin tuna lahira, ya ja ɗangon ƙarshe har sai numfashinsa ya kusa ƙarewa. In ya shiga layin masu shaguna sai ya ɗan gaggauta, murya ta buɗe. Daga baya na ji an rera waɗannan baitoci a babban ɗakin taro, da lasifika, mutane suna zaune a kujeru da alƙalami a hannu. Kalmomin su ne dai, amma a ƙofar gida roƙo ne da tunatarwa daga wanda ya san wahalar duniya a jikinsa, a ɗakin taro kuma sun koma abin da ake dubawa a yaba fasaharsa. Makahon nan bai taɓa shiga ajin adabi ba, amma kullum yana yanke hukunci a kan wane baiti ya dace da wace ƙofa. Ban san sharhin da ya fi wannan zurfi ba.

Sai maganar makaɗin da za ki gayyata, wadda ita ce za ta gyara ko ta ɓata. Ki nemi wanda ya daɗe a sana'ar, don nan take ba daga iska take faɗowa ba. Kowa ya san Mamman Shata, mutumin Musawa da ya rasu a 1999, ya yi suna wajen ƙaga waƙa a tsaye a gaban jama'a, kuma duk wanda ya saurari faifan Bakandamiyarsa biyu ko uku ya san ba ɗaya suke ba. Amma a saurara da kyau. Gindin waƙar yana nan daram, 'yan amshi suna dawo da shi a kai a kai, masu kalangu sun riƙe kiɗan ba ya motsi, shi kuma yana da rumbu cike da kirari da karin magana da sunayen garuruwa da zuriyar mutane, wanda ya shekara yana tarawa. Lokacin da 'yan amshi ke maimaita gindi, a nan jagora yake samun sararin duba fili, ya ga wanda ya shigo, ya ɗauko abin da ya dace daga rumbu. Makaɗan fada masu kotso da taushi, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Jankiɗi, sun fi zama da yaransu a tsara waƙa kafin a fito, duk da haka su ma suna ƙara ɗa, wato baiti, ko su rage gwargwadon wanda ke zaune a fada ranar. Ba a ƙasar Hausa kaɗai ba ne. Tsakanin 1933 da 1935 wani malamin jami'ar Harvard ta Amurka, Milman Parry, daga baya tare da ɗalibinsa Albert Lord, ya ɗauki muryoyin mawaƙan baka na tsohuwar Yugoslabiya, masu wani abin kiɗa mai izga kamar gogenmu. Mawaƙi zai ce ya maimaita waƙarsa daidai yadda ya yi ta jiya, a saurari faifan a tarar ta bambanta, don da tubalan da ya tanada yake sake gina ta kowane lokaci. Saboda haka yaron da ya fara riƙe kalangu bara ba zai iya miki wannan aiki ba. Zai buga abin da ya iya ne kawai, ko ya dace ko bai dace ba.

In kina son misalin da ya yi daidai da naki, wato rubutaccen baiti da aka bar shi yadda yake amma aka sake masa fuska a gaban jama'a, ki nemi faifan Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975. A 1966 ta rera Al-Aɗlal, baitocin da aka zaɓo daga waƙoƙin Ibrahim Naji, shekara 13 bayan rasuwarsa, Riyad al-Sunbaɗi kuma ya sa musu kari. An daidaita kalmomin tun kafin a hau dandamali. Amma a kan dandamalin takan kama ɗango ɗaya ta yi ta maimaita shi, kowane zuwa da inda take dannawa, wannan karon kamar mai ƙorafi, na gaba kamar wadda ta haƙura, makaɗanta suna jiran ta, jama'a suna ihu a sake. Ko yaranki ba sa jin Larabci, ki sa musu minti biyar su ƙirga sau nawa ta faɗi ɗango guda, su faɗa miki abin da ya canja.

Akwai abin da na koya da wahala, ina so ki same shi a sauƙaƙe. Kowane abin kiɗa a ƙasar Hausa yana zuwa ne da danginsa, kuma yana magana tun kafin mai rerawa ya buɗe baki. Bahaushe ya ji kalangu zai tuna mahauta da filin dambe da gaɗar 'yan mata. Tambari da kakaki da algaita na sarauta ne. Gangar noma tana kiran gayya, dundufa tana kiran maƙera, shantu da ƙwarya na mata ne a cikin gida da wurin biki, sarewa tana kawo makiyayi da daji. Garaya da goge kuwa, a kunnen mutane da yawa, ba su rabu da bori da wuraren shaƙatawa ba, ko da mai gogen mutumin kirki ne. Wata shekara, a bikin ƙarshen zango na wata makaranta da na koyar, na sa aka rera waƙar wa'azi a kan biyayyar iyaye da tuna mutuwa, na sa mai goge ya bi ta a hankali, don a kunnena kukan goge ya dace da baƙin ciki. Ba a kai baiti na huɗu ba na ga wasu dattawa biyu daga cikin iyayen yara sun miƙe sun fita. Sauran da suka zauna ma ba waƙar suke saurare ba, gogen suke kallo. Yarinyar da ta yi wata guda tana haddar waƙar ta sauko tana hawaye. Laifina ne, kuma har yau ina jin zafinsa, don na bi daɗin sauti na manta da abin da sautin yake nufi ga mutanen da ke zaune.

Don haka waƙoƙin wa'azi da tauhidi da na su Shehu da iyalansa, ki bar su da murya zalla, yadda aka gada. Ba su rasa komai ba. Dubi Ishiriniya da Burda, yadda ake rera su da kari iri-iri a lokacin Mauludi daga unguwa zuwa unguwa, ba ganga ba algaita, kuma kowane kari da irin halin da yake sa mai sauraro. Bandiri yana da muhallinsa a wajen 'yan Ƙadiriyya da masu bege, shi ma ba abin da za a ɗauko a kai filin makaranta ba ne don ƙawa. Kalangunki da sarewarki ki ajiye su ga waƙoƙin zaman duniya: na noma, na ilimi, na kishin ƙasa, na halayen mutane, na damina da hunturu, da waɗanda yaran suka rubuta da kansu.

Kalangu yana da wata baiwa da ta sa na fi son sa a wannan aiki. Saboda ana matse tsarkiyarsa a hammata a sassauta, yana hawa yana sauka kamar muryar mutum, shi ya sa yake iya faɗin take, wanda ya san taken ya ji sunansa a ciki. Makaɗi nagari zai iya maimaita ɗangon da aka rera ba tare da kalma ba, ya mayar da shi tambaya, ko ya yi masa gatse, ko ya tabbatar da shi. Wannan amsawa ita nake so yaranki su kama da kunne. Dattijon nan da na ambata, a wannan waƙa ta masu barin ƙauye, akwai baitin da uwa take lissafa abin da ɗanta ya bari a ɗaki: fartanyarsa, tabarmarsa, takalmin da ya tsinke. Tun daga farkon waƙar yana bin mai rerawa, amma da aka shiga wannan baiti sai ya ɗora tafinsa a kan fatar ya yi shiru har aka gama shi, sannan ya buga sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya ce masa ya yi haka. Da na tambaye shi daga baya, ya ce ya ga maganar ta yi nauyi ne, sai ya ba ta hanya ta wuce. Yaran da kansu suka gane cewa nan ne zuciyar waƙar, ba baitin farko da mai ita ya bayyana manufarsa ba. Mai sarewa kuma ki roƙe shi ya riƙa shigowa a tsakanin baitoci, kada ya hau kan murya, don sautinsa da na yara suna kusa, za su haɗiye juna.

Wuri shi ne abin da aka fi rainawa, alhali shi ma makaɗi ne. Zauren ƙasa mai daurin guga yana riƙe murya ya tausasa ta, mutum ya yi magana a hankali a ji shi a kowane lungu. Aji mai siminti da rufin kwano yana mayar da sauti da kaifi, kalangu a cikinsa sai ya danne kowa. A fili kuwa murya watsewa take yi, dole mai rerawa ya rage sauri ya buɗe baki, kuma wannan kaɗai yana canja halin waƙar. Lokaci ma haka. Da damina fatar ganga takan saki saboda laima, da hunturu ta ɗaure ta yi ƙara. Kakanninmu da suka ce ba a tatsuniya da rana sun san abin da suke yi: duhu ne ke sa tsamin bakin Gizo ya cika ɗaki, yaro ya ga dodo a inuwar bango. Ki karanta tatsuniyar nan da tsakar rana a gaban allo, ki ga yadda take komawa labari marar jini.

Kuma wuri yana da nasa kiɗan da ba sai an gayyato ba. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bugu a wajen marinar Ƙofar Mata a Kano ya ji yadda mutum biyu ke musayar bugu a kan shuni, ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Luguden mata a turmi haka yake, har da tafi a tsakani, kuma waƙoƙin daka da na niƙa a kan wannan bugun aka gina su. In waƙar da kuka zaɓa ta noma ce, ki kai su bakin gona, ko gonar makaranta ce, a bar sautin fartanya ya zama ma'auni. In ta kasuwa ce, a tsaya inda hayaniyar ciniki ke isowa daga nesa. Jaki zai yi kuka, babur zai wuce, iska za ta ɗauke rabin ɗango. Kada a tsaya a ce an ɓata. Mai rerawa ya jira, ko ya maimaita, ko makaɗi ya amsa wa abin da ya gitta. In aka kira salla kuwa an gama, ko ana tsakiyar baiti.

Wasu waƙoƙin ma wurin yana cikinsu. Waƙar Gewaye, wadda ake dangantawa da Nana Asma'u, sawun Shehu take bi: Ɗegel, hijira zuwa Gudu a 1804, Tabkin Kwatto a wannan shekarar, har faɗuwar Alƙalawa a 1808 da zaman Sakkwato. Yaron da ya haddace sunayen nan a aji jerin kalmomi ya riƙe. Wanda aka tsayar a fili da rana tsaka a ƙasar Sakkwato ko Gobir, ya ji zafin ƙasa a tafin ƙafarsa, aka ce masa mutane sun taka wannan tazara da mata da yara da littattafai a kan raƙumi, in ya rera ta muryarsa ba za ta fito kamar da ba. Ba kowace makaranta ce za ta iya wannan tafiya ba, na sani, amma kowane gari yana da tsohuwar rijiya ko kufai ko gindin kuka da wata waƙa za ta zauna a ciki.

Abin da zai rufe bakin mai cewa wasa ne shi ne abin da za ku yi bayan an gama. Ki ɗauki kowane zama da wayarki. A rera waƙa guda a wuri biyu, ko sau biyu a wuri ɗaya da masu rerawa daban, sannan a koma aji a saurara da littafi a buɗe. Ki tambaye su inda makaɗi ya shigo da inda ya yi shiru, da dalilin da suke gani. Ki tambaye su ko akwai inda kiɗa ya faɗi abin da waƙar ba ta faɗa ba, su kawo hujja daga baiti. Nan za su gane cewa ba kowace fassara ce karɓaɓɓiya ba. Wadda kalmomin suka ƙi ɗauka, an yi kuskure, komai daɗinta. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: kwana biyu bayan zaman, in yara suna iya kawo ɗangogin da ka, kiɗan ya yi aikinsa. In kiɗan kaɗai suke tunawa, ya yi yawa, a rage shi.

Wata dabara da ta fi kowace amfani a wurina ita ce a bar yara su zaɓi amshi. Yawancin rubutattun waƙoƙi ba su da gindi irin na makaɗa, to ki ce su fitar da ɗango ɗaya daga cikin waƙar wanda duk aji zai riƙa maimaitawa bayan kowane baiti. Za su yi gardama sosai, don wanda ya zaɓi amshi ya zaɓi jigo ke nan. Ƙungiya biyu su zaɓi ɗango daban-daban, a rera duka biyun, za ki ji waƙa ɗaya ta zama biyu. Wannan ita ce tambayar jigo da ke zuwa a jarrabawa, sai dai yanzu sun san dalilin amsarsu.

In mai waƙar yana raye, a nemi izininsa, in da hali a gayyace shi ya zauna ya ji. Kada kuma a sa faifan a intanet sai ya yarda, shi da makaɗin da iyayen yaran. Ki fara da gajeriyar waƙa 'yar ƙwar biyu, baiti goma ya isa. Ki je wurin makaɗin da kanki tun kafin ranar, da ɗan goronki, ku yi maganar sallamarsa a fili, don sana'arsa ce. Ki sa a rera masa waƙar sau biyu ko uku kalangunsa yana rataye, ya ji maganar tukuna, ya tambayi abin da bai gane ba. Abokin aikin naki kuma ki ba shi kujera a gaba, ki roƙe shi ya riƙe littafin ya lura ko an taɓa kalma ɗaya. In kun yi, ki rubuto mini ɗangon da yaran suka zaɓa ya zama amshi, da wanda suka ƙi, ina so in ji hujjarsu. Allah ya taimaka, ya yi wa karatun yaran albarka.